Ruwan da Babanku Ya Tace

'Ya'yana, ina jin abin da ake gaya muku duk lokacin da kuka je gida biki ko gaisuwar mutuwa. Wasu sun ce muku babanku ya bar garinmu ne don ya nemi ƙwace wa wansa sarauta bai samu ba. Wasu sun ce mutanen mishan ne suka juya masa kai. Akwai ma wadda ta zaunar da autarku ta ce mata wai ya zargi ɗan'uwansa da ba shi sammu a gaban jama'a. Na san bakin da kowace magana ta fito, don ni ba a yi mini rufa-rufa. Shi kuwa marigayin, ko an tambaye shi sai ya yi murmushi ya sake zance, har ya tafi da labarin kabari. Saura ni. Da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da ya matsa mini na yi ina gunaguni, zan rubuta muku abin da idona ya gani. Sunansa dai ba zai fito daga hannuna ba, tunda bai taɓa fitowa daga bakina ba.

Garinmu bisa dutse yake, tsakanin Tama da Buza, kuma ruwa ne wahalarmu tun kaka da kakanni. Rijiya guda ce, mai zurfin da sai mace ta ja guga tafin hannunta ya yi kanta. Saboda haka da damina ta sauka kowa sai ya koma tabkin da ke gindin gari, wanda kakan babanku ya fara yashewa, shi ya sa ake ce masa tabkin gidan sarauta. Tare da tabkin nan muka gaji kurkunu. Ku ba ku san shi ba, Allah kada ya nuna muku. Ƙurji ne yake fitowa a idon sawu yana zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, sai farar tsutsa mai kama da zare ta leƙo. A tsinke ake naɗe ta kaɗan kaɗan, kullum ɗan abin da ta yarda ta bayar, in ta tsinke kuwa ƙafa ta kumbura har cinya. Muguntarsa ita ce ba ya zuwa sai lokacin noma. Ka ga ƙato yana kwance a zaure yana kallon ciyawa tana cinye masa gero. Wasu suna cewa a jini yake, wasu suna cewa taka abin da aka binne maka ne. Sauƙi ɗaya muka sani, mai ciwo ya je ya tsoma ƙafar a tabki ta yi sanyi.

Babanku da Maigari uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da aka ce gidan sarauta ya ba da yaro lakkol, wato makarantar boko, sai aka riƙe babban aka miƙa ƙaramin, don a lokacin ba wanda yake ba da ɗan da yake ji da shi. Babban ya gaji rawani, ƙaramin ya dawo mushe, wato malamin makaranta, aka kuma yi sa'a aka ajiye shi a garinsu. Kwano ɗaya suke ci. In na gama tuwo zauren Maigari ake kai shi, in matansa sun gama nan ne dai. Mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ba ta da abin alfahari da ya wuce ta leƙa ta ga kawunansu biyu a kan akushi guda. Wannan zaman ne aka rasa, kuma shi ne abin da nake so ku san yadda aka yi ya tafi.

Abin ya faro ne daga idon Tsohuwa. Yanar ido ta rufe mata gani, babanku ya kai ta likitan mishan da ke wajen Madawa, can ya saba da wani ma'aikaci mai suna Ishaya. Ba'adare ne kamarmu, ɗan ƙasarmu ta Adar, Kirista, aikinsa duba jini da ruwa a madubin likita. Da damina ta kankama sai ga Ishaya ya zo mana ziyara da wani ɗan gilashi a aljihu. Ni tun daga sallamarsa ban sake da shi ba. Mutumin da zai baro kwalta ya hawo dutsenmu a kan keke, na ce a raina, ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba. Ya nemi a ɗebo masa ruwan randata a kwalba, ya ɗaga ta saitin rana, ya kara gilashin, ya ce in duba. Sai na ga wasu ƙananan fararen ƙwari suna zabura a cikin ruwan da muka sha da safe. Abin da ya fara zo mini shi ne shi ya zuba su. Na shiga ɗaki na ɗauko tawa kwalbar, na wanke, na ɗebo daga wata randar, na karɓi gilashin na goge shi da bakin zanena. Suna nan dai suna zabura. Ranar ko fura ban iya sha ba.

Ishaya ya yi mana bayani. Ya ce in mai ciwo ya tsoma ƙafa a tabki, tsutsar tana zubar da 'ya'yanta, ƙwarin nan su haɗiye su, mu kuma mu haɗiye ƙwarin, sai shekara ta zagayo abin ya fito. Maganinsa kawai a tace ruwa da ƙyalle mai matsattsiyar saƙa, masu ciwo kuma su daina shiga tabki. Na ce masa boka ma in ya ba ka magani cewa yake ka jira baɗi, kafin nan ya san inda ya nufa. Ya yi dariya ya ce ina da gaskiya, in gwada in gani. Ya bar mana ƙyallaye da gilashin ya hau kekensa.

Tun daga ranar babanku ya zama wani mutum. Ina daka yana tsaye a kaina yana ba ni labarin abin da ya karanta, wai su ma Turawa da can haka suke, annoba tana cinye su suna cewa mayu ne, suna kama tsofaffin mata. Sai wasu suka goge gilashi suka duba da idonsu, suka daina karɓar magana don kawai babba ne ya faɗe ta. Daga kallon ƙwari, in ji shi, suka koma tambayar sarakunansu dalilin kowane umurni, har ta kai ba a yanke wa gari hukunci sai an ji hujjar kowa an ƙidaya masu so da masu ƙi. Na ajiye taɓarya na dube shi.

"To su masu tambayar dalilin ga, da sunka zo nan sunka kwashe ubanninmu aikin tilas, wane dalili sunka ba su?"

Maimakon ya ji haushi sai ya tafa hannu, ya ce ai irin wannan tambayar yake so kowa ya iya. Ni kuwa ban ji daɗi ba. Namijin da za ka jefe shi da magana ya cafe ya ce kyauta ka ba shi, a sa masa ido. Amma na fara tace ruwan gidana, ba don Turawa ba, don abin da na gani a kwalbata.

Ku tuna kuma shekarar ce aka buɗe jam'iyyu. Motoci suna hawowa da lasifika, kowa yana kallon maƙwabcinsa a kaikaice, ana ta raɗe-raɗin wai har sarautar gari za a koma yi da ƙuri'a. 'Yan zaman zauren Maigari, waɗanda ba su da sana'ar da ta wuce shan furarsa, sun riga sun cika masa kunne cewa ƙanensa ɗan boko ne, kuma ɗan boko ba ya zama ƙarƙashin kowa. A irin wannan lokaci ne babanku, da ya iya karanta littafi amma bai iya karanta fuska ba, ya miƙe a taron gari bayan sallar Juma'a. Ya ce a tace ruwa, masu kurkunu su daina shiga tabki, wanda yake shakka ya zo ya duba gilashi da idonsa, wanda yake da hujja ya kawo, sa'annan a ɗaga hannu a ga inda rinjaye yake. Bai tsaya nan ba, ya ce a tambayi mata ma, tunda su ke ɗibar ruwan. Abin da ya manta, ko ya ƙi tunawa, shi ne a daminar nan Maigari kansa yana da kurkunu, kuma kowace safiya yana zaune kan dutsen bakin tabki da ƙafarsa a ruwa. Duk taron sai ido ya koma kan ƙafar.

"Ashe yanzu sai an ɗaga hannu kahin in sa ƙahwata tabkin ubana," in ji Maigari. Ya ɗauki sandarsa, taro ya watse ba a yanke komai ba.

Daga ranar tuwona ya daina zuwa zaure, nasu ya daina zuwa mana. Mata dai suka riƙa zuwa wurina a ɓoye, wannan ta ce aron rariya, waccan ta ce gishiri, kowace sai ta leƙa gilashin kafin ta fita. Ƙyallayen suka ƙare, wasu suka koma tacewa da sabon kallabi. Har Hajo, uwargidan Maigari, ta zo ta duba ta koma tana salati. Mazansu suna zaure suna zagin ƙyalle, suna shan ruwan da aka tace musu ba su sani ba.

Tsohuwa ta kasa jurewa, ta sa liman ya haɗa sulhu. Aka yi shi da hantsi a zauren Maigari, dattawa sun cika, mu mata muna bakin ƙofar ciki muna leƙe. Sai na tsaya na gaya muku abin da ku 'yan birni kuka soma mantawa. A wurinmu ruwa ake fara ba wanda ya shigo gidanka, kuma ba a duba shi, ba a shinshina shi, ba a ajiye shi. In ka yi ɗaya daga ciki, ka ce wa mai gida kana tsoron ya sa maka wani abu ke nan, kuma ba zagin da ya kai wannan. Liman ya yi nasiha, aka shafa fatiha. Sai Maigari ya miƙe da ƙafarsa mai ciwo, ya ɗebo ruwa a ƙwarya da kansa, ya miƙa wa ƙanensa da hannu biyu, abin da ba a taɓa gani ba. Daga inda nake na hango ruwan, ja ne, na tabki. Hajo ta rantse mini daga baya cewa ruwan rijiya ta sa aka ajiye a zauren da safe. Wane ne ya sauya tulun? Har yau ban sani ba. Ina zargin 'yan shan fura, wani lokaci kuma ina zargin Maigarin da kansa, don ya gwada ko ƙanensa zai zaɓe shi ko ƙyalle.

Babanku ya karɓa yana kallon ƙwaryar. Ni ina daga ciki ina cewa a raina, sha mana, bawan Allah. Sai na ga hannunsa ya nufi aljihu. Ya fito da ƙyallen, ya jawo wata ƙwarya da ke gefe, ya shimfiɗa, ya juye ruwan a hankali, ya ɗaga ya shanye tas, ya yi hamdala. A tunaninsa ya sami hanyar tsakiya, ya sha ruwan wansa kuma bai ƙaryata kansa ba. Maigari ya juya wajen liman.

"Liman, kun dai gani," in ji Maigari. "Kwano guda muka ci tun muna ƙanana. Yau ni aka tsoro in ba shi sammu."

"Yaya, ba kai nika tsoro ba. Ruwan ga nika tsoro."

"Ruwan ga hannuna yah hito."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Duk wanda ya ƙara muku da wata kalma ƙarya yake yi. Babanku ya tashi ya fita, ko ƙyallen bai ɗauka ba, ya bar shi kan ƙwarya.

Kamar abin bai isa ba, ba a jima ba sai ga kurkunu ya fito wa babanku a ƙafar dama. Zo ku ga murna a gari. Wasu suka ce ga amfanin ƙyallen nan an gani. Wasu suka ce alhakin ɗan'uwa ne ya kama shi. Masu son a yi ta ta ƙare kuma suka riƙa raɗa cewa ashe dai da gaske Maigari ya sa masa hannu. Shi kuwa ya ce na ruwan bara ne, Ishaya ma ya faɗa tun farko. Na ce masa na san haka zai ce. Gaskiya ni ma zuciyata ta yi rawa. Abin da ya tsayar da ni ba gilashi ba ne. Ni nake naɗe masa tsutsar a tsinke, ina ganin yadda gumi ke karyo masa don zafi, tabki kuwa ga shi can ana hango shi daga ƙofar gida, amma ko sau ɗaya bai je ba. A bayan ɗaki nake zuba masa ruwa a ƙafar, ya sa in tona rami in rufe. Na ce mutumin da zai ƙi sanyi yana cikin wannan azaba don kada 'ya'yan masu zaginsa su kamu baɗi, ba sarauta yake nema ba.

Yana kwancen nan Tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, da 'yar ƙwarya a hannu. Daga randar Maigari ta ɗebo. Ta zauna kusa da kansa ta ce ta roƙi babban ya yarda, in ƙaramin ya sha wannan a gabanta ba tare da ƙyalle ba, magana ta mutu. Ni ma na sa baki, na ce kurɓa guda dai ba za ta kashe shi ba, ga shi ma yana da ciwon. Har yau ina ganin da ni ce da na sha. Ya juya ya dubi Tsohuwa, hawaye na bin gefen idonsa.

"Inna, in nis sha yau, gobe duk macen da ka tace ruwa garin ga ta yar da ƙyallenta. Su ce mai abin ma ya bari. Ki gahwarta mini."

Tsohuwa ba ta yi faɗa ba. Ta miƙe, ta tsiyaye ruwan a bakin ƙofarmu, ta kife ƙwaryar a ƙasa ta tafi. Ba ta sake shiga gidan ba.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Garkar albasarmu ta cikin kwari, wadda ubansu ya yanka masa, aka wayi gari an ba wani. Iyaye suka janye yara daga lakkol har ya zama yana koyar da kujeru babu kowa a kai. Da aka yi girbi ya nemi a sauya masa wurin aiki, muka ɗaure kaya muka sauko Madawa, babbarku tana goye. Da Tsohuwa ta rasu sun tsaya a bakin kabari, wannan a gabas wannan a yamma. Suna gaisawa in an haɗu, gaisuwar da ake yi wa baƙon kasuwa. Amma ruwa bai sake ratsawa tsakanin gidajen biyu ba.

Da damina ta zagayo Hajo ta aiko mini cewa gidajen da mata ke tacewa ciwon ya yi sauƙi ƙwarai. Maza suka ce albarkar sadakar da aka yi ce. Bayan wasu shekaru ma'aikatan lafiya suka hawo da farar mota, ɗauke da irin ƙyallen nan sak. Maigari ne ya tsaya a ƙofar zaure yana raba shi da hannunsa, ya kuma sa mai gadi a bakin tabki. Da labari ya zo mana babanku har da rawar jiki, wai ba ruwansa da wanda ya raba, tunda ciwon zai ƙare. Ni kuwa na yini cikin haushi. A nan na gane mutanenmu ba gaskiyar suka ƙi ba, bakin ƙane suka ƙi ji daga gare shi. Su ma na farar motar ban yaba musu ba, don ba wanda suka nuna wa gilashi, ba wanda suka tambaya, umurni suka kawo aka bi. Abin da babanku ya nema, kowa ya duba da idonsa ya faɗi ra'ayinsa, ba a yi shi ba. Kurkunu dai ya ƙare, wannan kam ba musu.

Da babanku ya rasu, bayan jama'a sun ragu, ina cikin takaba aka ce mini Maigari yana ƙofa. Ya tsufa, yana jan ƙafar nan da ciwon ya sandarar masa. Ya zauna bakin ɗakina ya yi gaisuwa, na amsa daga ciki. Na daɗe ina shawara da zuciyata, amma baƙo baƙo ne. Na tari ruwan famfo a ƙwarya, garau da shi, na miƙa masa. Ya karɓa ya yi ta kallonsa. Sai ya ce a ba shi wata ƙwaryar. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani tsohon ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa, na gane shi tun kafin ya warware, don ni na ɗinke bakinsa da baƙin zare. Jinina ya tafasa, na ce a raina ramuwa ya zo yi, a gidan mamaci zai ce ni ma ina iya ba shi sammu. Amma na ga ko kallona bai yi ba, ƙyallen kawai yake duba. Ya shimfiɗa, ya juye, ya jira ya tsane, ya ɗaga ya shanye tas. Ya riƙe ƙwaryar a cinya, hawaye na sauka cikin gemunsa.

"Ashe abin duka ke nan," in ji shi.

Wanda ya kamata ya ji wannan magana yana maƙabarta. Ya naɗe ƙyallen ya ajiye mini a bakin ƙofa, ya ja ƙafarsa ya fita. Yana nan cikin adakata. In kun je gida aka ba ku ruwa ku sha, na famfo ne yanzu. In kuma wani ya sake ce muku babanku ya zargi ɗan'uwansa, ku tambaye shi rabon da ya ga kurkunu a ƙafar ɗansa.